Federico Tesio

Federico Tesio (an haife shi ranar 17 ga Janairu 1869, ya mutu ranar 1 ga Mayu 1954) ɗan ƙasar Italiya ne, mai kiwon dawakin sukuwa da horar da su. Daga bargarsa aka samu Nearco da Ribot, dawakai biyu da ba a taɓa tsere musu ba.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Turin. A shekarar 1898 shi da matarsa Lydia suka kafa gonar kiwon dawakai a Dormello, a bakin tafkin Maggiore da ke arewacin Italiya. Shi ne mai kiwon, shi ne mai dawakan, kuma shi yake horar da su da kansa.

Kiwo da matsin kuɗi

Tesio ba shi da dukiya irin ta manyan masu dawakin zamaninsa, kamar Aga Khan da Lord Derby. Saboda haka yakan sayi goɗiyoyi masu araha a kasuwar Newmarket ta Ingila, ya kai su ga ingarmun wasu don barbara. A 1915 ya sayi goɗiya Catnip a kan gini 75 kacal, wadda ta zama kakar Nearco. A 1932 ya haɗa jari da Mario Incisa della Rocchetta, kuma akan kai duƙusan da aka yaye gonar Olgiata kusa da Roma su yi hunturu a can.

Dokin sukuwa yana fara tsere ne yana da shekara 2, don haka mai shi yakan daɗe yana kashe kuɗi kafin ya san abin da ya mallaka. Tesio ya riƙa rufe wannan giɓi da sayar da mafi kyawun dawakansa. A 1937 ya sayar da Donatello II a kan fam 47,500. A 1938 Nearco ya ci gasar Grand Prix de Paris, nasararsa ta 14 a tsere 14, sai Tesio ya sayar da shi ga Martin Benson na Ingila a kan fam 60,000, farashin da ba a taɓa biya wa doki ba kafin lokacin. Bargar ta samu kuɗi, amma zuriyar ta bar Italiya. Nasrullah ɗan Nearco ne, Northern Dancer na Kanada kuma jikansa ne.

Mutuwa

Dawakansa sun ci gasar Derby ta Italiya aƙalla sau 20, kuma an naɗa shi sanata a 1939. Ribot, wanda aka haifa a 1952, ƙarami ne yana duƙushi, shi ya sa Tesio bai yi masa rajistar Derby ba. Tesio ya mutu a Milan kafin dokin ya fara tsere. Ribot ya ci dukkan tserensa 16, har da gasar Arc de Triomphe ta Faransa a 1955 da 1956.