Bello Kagara: Malamin Katsina da jaruminsa ya riga Superman shiga kasuwa

A Amurka, ranar Laraba ce ranar da sababbin littattafan labarai masu zane-zane suka saba isa shaguna. Masu sha'awarsu kan yi sammako don su ga inda Superman ko Spider-Man ya kwana a fitowar makon. Matasanmu na Katsina galibi a waya suke bin waɗannan jarumai, ko a finafinan da aka yi da su.

Sai dai jarumin da ke tunkarar runduna shi kaɗai, ya ƙetare teku, ya yi artabu da aljanu, ba baƙo ba ne a rubutun Hausa. A 1934 aka buga littafin Ganɗoki, shekara huɗu kafin Superman ya bayyana a mujallar Action Comics a 1938. Wanda ya rubuta shi kuwa malamin Arabiyya ne a Kwalejin Katsina, Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina.

An haifi Bello a 1890. Mahaifinsa Malam Shehu Usman alƙali ne a Kagara, garin da ke cikin Jihar Neja ta yanzu. Yana ɗan kimanin shekara goma sha ɗaya sojojin Ingila suka auka wa Kontagora a farkon 1901. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fice da jama'arsa, iyayen Bello na cikin waɗanda suka bi shi. Ke nan gudun hijira da faɗuwar sarauta ba a littafi ya karanta su ba, yana yaro aka yi su a gabansa.

Da ƙura ta lafa, ɗan alƙalin da ya riga ya sami karatun gida ya shiga makarantar Nasarawa a Kano, wadda Hans Vischer, Baturen da Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909. A lokacin, yawancin gidajen malamai ƙyamar boko suke yi. Bello ya yi karatu a can, ya koyar a can, ya kuma koyar a Zariya, sannan aka kawo shi Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a hukumance a 1922. Arabiyya da addini yake koyarwa. A wannan kwaleji Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, haka ma ƙaninsa Abubakar Imam, wanda Bello ya girme wa da shekara 21, kuma a hannunsa ya zauna a Katsina.

Gasar da ta haifi littafin

A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Dalilinsa a fili yake: an koya wa yara karatu, amma in sun bar aji ba su da abin karantawa na nishaɗi. Aikin bai zo masa da sauƙi ba, domin a wurin malamin wancan zamani alƙalami na ilimi ne da wa'azi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare.

Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Biyu daga ciki wa da ƙane suka rubuta su, dukansu suna aikin koyarwa a Katsina.

Na Bello ya fita daban. Kashin farko na Ganɗoki tarihi ne da aka sa wa rigar labari. Jarumin mayaƙi ne na ɓangaren Sarkin Sudan, kuma abokan gābarsa su ne Turawan da suka zo cin ƙasa. Ga sunayen garuruwa na gaske, ga sarakuna na gaske, ga kirari irin na mazan fama. A nan ne ƙarfin halin marubucin yake. Ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, gasar ta Bature ce, Bature ne zai tace rubutun ya buga, amma ya zaɓi ya ba da labarin cin ƙasar daga bakin wanda aka ci da yaƙi, ya kuma bar shi da girmansa. Shekara talatin kacal ke nan da yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, kuma da yawa daga waɗanda suka ga zamanin suna raye.

Daga nan sai labarin ya saki tarihi. Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka nausa gabas, suka faɗa duniyar aljanu da ƙasashe masu nisa, suna yaƙi suna musuluntar da waɗanda suka rinjaya. A ƙarshe suka komo gida suka tarar da ƙasa ta sauya a hannun Turawa. Masu nazari sun daɗe suna cewa kashi biyun ba su haɗu sosai ba, kuma da gaskiyarsu, ɗinkin a bayyane yake. Amma ana iya karanta shi ta wata fuska: nasarar da bindigar Turawa ta hana jarumin a Kontagora, marubucin ya ba shi ita a ƙasar aljanu, inda babu Razdan balle Gwamna.

Duk wanda ya saba da labaran zane-zane zai gane wannan gini. Jarumi ne da ba ya ja da baya, da ƙaramin mataimaki a gefensa, ana fita daga wannan fama a faɗa wancan, kowane abokin gāba ya fi na baya ban tsoro. Masu zane na Najeriya a yau tarihi suke tonowa don samun irin wannan. Roye Okupe ya gina Malika: Warrior Queen a kan Sarauniya Amina ta Zazzau, kamfanin Comic Republic na Legas kuma tun 2013 yake fitar da jarumai 'yan Afirka, amma da Turanci. Ganɗoki da Hausa aka haife shi, da kirarinsa da takobinsa, kuma kusan kowane shafi nasa hoto ne da ke jiran mai zane.

Daga aji zuwa majalisar Sarki

Bello bai mai da ƙaga labari sana'a ba. Wannan hanya ƙaninsa ya bi, shi ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Shi wan, gadon gidansu ya koma. Ya bar koyarwa ya shiga aikin shari'a a En'e ta Katsina, ya kai matsayin Alƙalin Alƙalai, daga baya aka naɗa shi Wali a zamanin Sarki Usman Nagogo.

Bai ajiye alƙalami gaba ɗaya ba. A 1951 aka buga littafinsa na tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944, kuma har yau masu binciken tarihin masarautar suna komawa gare shi.

Kwalejin da ya koyar a cikinta an mai da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa. Tsohon gininta na ƙasa yana nan a Katsina, ya zama gidan adana kayan tarihi na ƙasa. Wali Bello Kagara ya rasu a 1971, yana da shekara 81.