Manuel Ponce: Makaɗin da Ya Ɗaga Darajar Waƙoƙin Ƙauyen Mekziko

An haifi Manuel María Ponce a ranar 8 ga Disamba, 1882, a garin Fresnillo na ƙasar Mekziko, amma a Aguascalientes ya girma. Tun yana ƙarami ya iya kaɗa fiyano. Da ya zama saurayi sai ya tafi Turai neman ƙarin ilimi, ya yi karatu a Bologna ta Italiya da kuma Balin ta Jamus.

A zamanin nan masu hannu da shuni a Mekziko kiɗan Turai kaɗai suke ɗauka da daraja, suna raina waƙoƙin manoma da 'yan kasuwa. Da Ponce ya dawo gida sai ya ƙi bin wannan ra'ayi. Ya riƙa tattara waƙoƙin talakawa, yana rubuta su bisa ƙa'idar da ya koyo, yana kai su manyan zaurukan kiɗa. Waƙarsa Estrellita ta 1912 ta zaga duniya.

Ko da yake ya riga ya yi suna, a 1925 ya koma ɗalibi a Faris wajen Paul Dukas, ya zauna can har 1933. Ilimi dai ba ya da tsufa.

Fitattun ayyukansa su ne kwancato uku. Kwancato kiɗa ne da makaɗi ɗaya ke jagora, babban ayarin makaɗa na mayar masa, kamar mawaƙi da 'yan amshinsa. Tsarin na Turai ne, amma Ponce ya zuba masa ɗanɗanon gida. Na farko na fiyano ne. Na biyu, Concierto del Sur, na gita ne, ya rubuta shi domin abokinsa Andrés Segovia ɗan Sifen, aka fara kaɗa shi a Montevideo a 1941. Na uku na gogen Turawa ne, a 1943, inda ya saka karin Estrellita a tsakiyarsa. Wanda ya jagoranci makaɗa ranar da aka fara gabatar da shi tsohon ɗalibinsa ne, Carlos Chávez.

Ponce ya rasu a birnin Mekziko ranar 24 ga Afrilu, 1948, jim kaɗan bayan ƙasarsa ta ba shi babbar lambar yabo.

'Yan'uwa ɗalibai, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ponce ya nemo ilimi a nesa, ya dawo ya raya abin da ya gada. Mu fa, me za mu yi wa namu?