Muhammadu Bello: malamin da ya koyar da tsaron gari da hanyar fatake

Jama'a ƴan kasuwa, maza da mata, a wannan mako za mu kawo muku tarihin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An haife shi a shekarar 1781, ya yi karatu wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahi na Gwandu. Shi ne ya gina birnin Sakkwato a 1809, kuma da Shehu ya rasu a 1817 sai aka yi masa mubaya'a.

Bello ya iske ƙasa cikin tashin hankali. Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Kabawa suna kai hari, ayarin fatake ba ya tafiya sai da fargaba. Ya lura cewa fita yaƙi da rani a komo gida da damina ba ya hana mahara dawowa. Sai ya ɗauko dabarar ribaɗi, wato a gina gari mai ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da iyalansu, da malamai, da manoma, da masu sana'a. Mutumin da gonarsa da rumbunsa suke wurin, ba ya barci a kan gadi. Ya kuma jawo Fulani makiyaya su zauna cikin garuruwa. Shi da kansa ya bar daɗin birni ya tare a ribaɗin Wurno.

Bai tsaya ga aiki kaɗai ba, ya rubuta abin don a koya. Yana da littafi kan ribaɗi da gadi. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin gina garuruwa, gyara kasuwanni da hanyoyi, da kula da masu sana'a. Har yau ɗaliban jami'o'in Sakkwato da Zariya suna bincike a kan rubuce-rubucensa.

A 1836 ya ci yaƙin Gawakuke a kan Gobirawa da abokan ƙawancensu. A 1837 Allah ya yi masa rasuwa a Wurno, can kabarinsa yake.

Mu mutanen Arewa, tarihi ya nuna kakanninmu da yawa sun tsaya ne tare da Kabi, musamman daga 1849 zamanin Yakubu Nabame. Amma ilimi ba shi da gari. Yau da ƴan bindiga suke tare hanyoyin bakin iyakar Nijar da Nijeriya, mai kai gero ko gishiri kasuwar Gesheme, Tibiri ko Dogon Dutsi ya san abin da tsoro yake jawo wa ciniki: kaya su yi tsada, masu saye su ragu. Darasin Bello shi ne kada a bar ƙauyukan iyaka su watse, domin gari mai mutane da kasuwa mai ci su ne ganuwar farko. Muna kira ga hukumomi su duba wannan. Allah ya jiƙansa, ya ba mu zaman lafiya, amin.