Grace Hopper (1906–1992): Malamar da Ta Kusanto da Harshen Na'ura ga na Ɗan'adam

An haifi Grace Hopper a birnin New York na ƙasar Amurka ranar 9 ga Disamba, 1906. Ta sami digiri na uku a fannin lissafi daga Jami'ar Yale a 1934, ta kuma koyar a Kwalejin Vassar har zuwa 1943, lokacin da ta shiga rundunar sojan ruwa. A 1944 aka tura ta Jami'ar Harvard domin aiki da na'urar lissafi mai suna Mark I.

A wancan zamani da lambobi zalla ake ba kwamfuta umarni. Ma'aikata kan rubuta guntayen umarnin da suka saba amfani da su a littafi, su riƙa kwafa da hannu duk sa'ad da buƙata ta taso. Wajen kwafar nan ne kurakurai ke shigowa. Hopper ta lura cewa na'ura ta fi mutum iya kwafa. Don haka, bayan ta koma kamfanin da ya ƙera kwamfutar UNIVAC a 1949, sai ta adana guntayen a kan tef, kowanne da lambarsa, yadda na'urar za ta ɗauko su ta harhaɗa da kanta. Wannan ita ce manhajar A-0 ta 1952.

Nasarar ta haifar da wani tunani: tun da na'ura na iya mayar da lamba jerin umarni, ashe za ta iya yin haka da kalma. Ga shi kuwa masu lissafin albashi da kayan sito ba su saba da alamomin lissafi ba. Da fari magabatanta sun ƙi, bisa hujjar kwamfuta ba ta jin Turanci. Duk da haka, daga 1955 ita da abokan aikinta suka gina FLOW-MATIC, wanda jimlolinsa ke farawa da aikatau na umarni. Har ta gwada musanya kalmomin da na Faransanci da Jamusanci, tsarin ya yi aiki, abin da ya nuna ba lalle sai da Turanci ba. Kan wannan tubali aka gina harshen COBOL a 1959.

Ta yi ritaya daga soja a 1986 tana da shekara 79, ta rasu ranar 1 ga Janairu, 1992.