Asalin Gidan Fanny Crosby, Makauniya Mai Waƙa

Waɗansu waƙoƙin da mukan rera a sujada, wata makauniya ce ta tsara su a Amurka. Mun ga ya kamata 'yan'uwa su san gidan da ta fito.

Kakan kakanninta, Simon Crosby, ya bar Ingila a shekara ta 1635, zamanin da ana tsananta wa masu bi waɗanda ba su yarda da al'adun ekklesiyar sarki ba. Ya haye teku da matarsa, suka zauna kusa da Boston. Zuriyarsa ta yaɗu, waɗansu suka gangara jihar Niyu Yok suna noma. A can aka haifi Fanny ran 24 ga Maris 1820, a wani ƙauyen gundumar Putnam. Ubanta John da uwarta Mercy dukansu Crosby ne, wato auren zumunci, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu.

Tana da mako shida idanunta suka yi ciwo, aka ɗaura mata magani mai zafi, ba ta kuwa ƙara gani ba. Waɗansu likitoci daga baya sun yi tsammani da makantar aka haife ta. Kafin ta cika shekara ubanta ya rasu. Mercy ta shiga aikatau domin abinci, yarinya kuwa ta zauna a hannun kakarta Eunice.

A ganinmu wannan tsohuwa ta fi Simon daraja a cikin salsalar gidan. Takan ɗora yarinyar a cinya, ta bayyana mata kamannin furanni da tsuntsaye da faɗuwar rana, ta karanta mata Littafi Mai Tsarki a hankali. Sa'anda suka ƙaura zuwa Ridgefield, matar Hawley, mai gidan da suka sauka, ta ɗora a kan wannan tushe. Kafin Fanny ta shiga makarantar makafi a 1835, ta haddace Bishara huɗu da Attaura da Misalai da Zabura masu yawa.

Ta auri Alexander van Alstyne, makaho ɗan'uwanta, a 1858. Haihuwa ɗaya suka yi, a 1859, jaririn kuwa bai zauna ba. Nan reshenta ya tsaya. Da ta tsufa, ƙannenta mata, waɗanda uwarta ta haifa a aure na biyu, su suka riƙe ta a Bridgeport. Can ta rasu ran 12 ga Fabrairu 1915, tana da shekara 94, ta bar waƙoƙi fiye da 8,000.