SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO: MALAMI MAI BINCIKEN MAGANI

Gabatarwa

Duk inda aka ambaci Muhammadu Bello ɗan Shehu, abin da ke fara faɗo wa ɗalibi a rai shi ne yaƙi da mulki. Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne ta bi tarihinsa ta wata fuska da ba a cika kula da ita ba, watau himmarsa wajen binciken cututtuka da magungunansu, da abin da masu neman ilmi mai zurfi za su tsinta a ciki.

Tasowarsa

An haifi Bello a shekarar 1781. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya yi karatu wurin mahaifinsa Shehu Usmanu da baffansa Abdullahi, har ya ƙware a Larabci da fiƙihu da hadisi tun yana saurayi. Da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, yana cikin manyan mataimakan Shehu. Shi ya shugabanci rundunar da ta ci Alkalawa a 1808, ya kafa birnin Sakkwato a 1809, kana ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka yi masa mubaya'a ya zama Sarkin Musulmi.

Bello da Ilmin Magani

Ya gāji ƙasa wadda yaƙi da yunwa da annoba suka gallaba. Jama'a sun sha kisa a Tsuntsuwa da Alwasa, iyalai sun watse, ga marayu da zawarawa birjik. A irin wannan hali kula da lafiya wani yanki ne na mulki, shi kuwa bai bar wa bokaye da wanzamai al'amarin su kaɗai ba. Ya ɗauki alƙalami. Cikin littattafansa akwai Almawaridun Nabawiyya da Ujalatur Rakib, waɗanda suka tattara mas'alolin magani daban-daban. Akwai kuma gajerun takardu da ya keɓe wa cuta ɗaya ko magani ɗaya: ciwon ido, da basir, da amfanin filasko wajen wanke ciki. Wannan tsari na tsare matsala guda a bi ta har ƙarshe, shi ne abin da malamanmu ke nema ga mai rubuta kundin digiri.

Bai kuma ƙi karɓar ilmi daga baƙo ba. Sa'ad da Baturen nan Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, Bello ya nemi a aiko masa da likita daga Ingila. Buƙatar ba ta biya ba, domin Clapperton ya komo ne ya rasu a kusa da Sakkwato a 1827. Amma roƙon ya nuna irin mutumin.

Jiki da Zuciya

Tafarkin da Bello ya bi shi ne na Ɗibbun Nabiyyi, wanda malamai irin su Ibnul Ƙayyim suka kasa cuta gida biyu a cikinsa: ta zuciya da ta jiki. Gidan Shehu duka sun tafi a kan haka. Abdullahi ya rubuta Masalihul Insan a kan gyaran addini da na jiki a haɗe. Nana Asma'u, ƙanwar Bello, ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839 a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. A wurinsu abincin mutum, da ɗabi'unsa, da tsoronsa, da imaninsa, duk suna da hannu a cikin rashin lafiyarsa da samun sauƙinsa.

Masanan Turai sun zo wa wannan batu ta tasu hanyar. A 1977 likitan nan na Amurka, George Engel, ya kawo ra'ayin cewa sai an haɗa jiki da tunani da zamantakewa kafin a fahimci cuta. A 1978 ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta buɗe sashe na musamman don nazarin lafiya. Ba muna cewa Bello ya riga su kafa fannin ba ne, domin shi bai yi gwaje-gwaje irin nasu ba. Tambayar dai ɗaya ce.

Rasuwarsa

Bayan nasarar Gawakuke a 1836, ciwo ya kama shi. Ya rasu a Wurno a 1837, can kuma kabarinsa yake. Allah ya jiƙansa.

Kammalawa

A ƙauyukanmu na ƙasar Rano da Kibiya, majinyaci yakan sha rubutu, ya sha saiwa, sannan ya je asibiti, bai kuwa ga saɓani a tsakaninsu ba. Likitan da bai san dalilin haka ba zai yi ta rubuta ƙwaya ana ajiyewa. Masana irin su Ismail Abdalla, wanda littafinsa ya fito a 1997, sun share fage. Saura mu ɗaliban Hausa mu fassara waɗannan littattafai, mu gwada kalmominsu da na mutanen karkara, don masu binciken lafiya su sami abin kamawa. Lafiya uwar jiki ce, kuma da harshen mai ciwo ake fara gane ciwonsa.