Muhammadu Bello na Wurno: Sarkin da Ya Rubuta Littattafan Magani

Duk ɗalibin da ya taɓa bin hanyar Sakkwato zuwa Goronyo ya san Wurno, garin nan da ke kusa da gulbin Rima. A nan kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake. A darasin tarihi mun fi saninsa da yaƙi da sarauta, amma akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika faɗa wa yara ba, wato binciken da ya yi a kan cututtuka da magungunansu. Wannan ɓangaren nake so mu duba a mujallarmu ta bana.

An haifi Bello a shekarar 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya tashi a Ɗegel, ya yi karatu a gaban mahaifinsa da kuma baffansa Abdullahi, har ya ƙware a Larabci tun yana saurayi. Da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804 yana cikin manyan kwamandojin yaƙi. Shi ya gina birnin Sakkwato a 1809, kuma da Shehu ya rasu a 1817 shi ya gaje shi. Ya yi shekara ashirin yana mulki.

Abin mamaki shi ne, duk da hidimar sarauta da fita yaƙi kusan kowace shekara, bai ajiye alƙalami ba. Masana sun lissafa rubuce-rubuce fiye da ɗari da sunansa, a kan shari'a da mulki da tarihi da magani. Wanda ya fi shahara shi ne Infaƙul Maisuri, tarihin ƙasashen nan namu, wanda ya rubuta a 1812.

A fannin magani Bello ya bi hanya biyu. Akwai littattafan da ya tattara abin da malaman da suka gabace shi suka rubuta da Larabci game da kiwon lafiya, ya taƙaita shi don masu karatu na ƙasarsa. Irin waɗannan su ne Al-Mawaridun Nabawiyya da Ujalatur Rakib. Sa'an nan akwai ƙananan littattafai da kowannensu ya ɗauki cuta guda ya yi bayaninta. Ya rubuta ɗaya a kan basir, mai suna Al-Ƙaulul Mansur, ya rubuta a kan ciwon ido, ya kuma keɓe wani ga filasko, ganyen nan da iyayenmu ke sha don wanke ciki. Ku lura da cututtukan da ya zaɓa. Su ne waɗanda ke damun manomi da makiyayi da mayaƙi a ƙasa mai ƙura da zafin rana. Magani a lokacin sirri ne da mutum kan ɓoye, ya bar wa ɗansa kaɗai, in ya mutu bai faɗa ba ya tafi da shi. Bello kuwa ya sa nasa a takarda don kowane mai iya karatu ya kwafa.

Son sanin magani ya bayyana a ganawarsa da Baturen Ingila Kyaftin Hugh Clapperton, wanda ya iso Sakkwato a 1824. Abokin tafiyar Clapperton, likita Walter Oudney, ya rasu a hanya kusa da Katagum. Bello ya nuna baƙin cikinsa ƙwarai, domin ya so ya ga likitan Ingila da zai koya wa mutanensa aikin warkarwa. Ya kuma roƙi a aiko masa da wani likita ya zauna a ƙasarsa. Da Clapperton ya dawo a 1826 ya kawo masa littattafai da Larabci, har da littafin lissafi na Yuklid. Likitan da aka nema bai iso ba, shi ma Clapperton ya rasu a Sakkwato a 1827. Darasin da ke nan shi ne, mutumin da ya rubuta littattafan magani da kansa bai ji kunyar neman ƙari daga baƙo ba.

A ƙarshen mulkinsa Bello ya fi zama a Wurno, wadda ya gina ta zama ribaɗi mai tsaron Sakkwato daga wajen Gobir. Ya ƙarfafa wa Fulani makiyaya gwiwa su zauna a garuruwa, su yi noma, su sa 'ya'yansu karatu. Ya rasu a Wurno a 1837, shekara guda bayan yaƙin Gawakuke. Ɗansa Aliyu Babba ya ci gaba da zama a garin, a nan ne ma Bajamushen nan Heinrich Barth ya same shi a 1853. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, tattaɓa-kunnensa ne.

A jami'o'in yau ana auna mai bincike da abu biyu: yawan abin da ya wallafa, da yawan masanan da suka dogara da aikinsa suka ambace shi. Da haka sunan Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya kai ko'ina a duniya, shi da ya nuna yadda cin rogon da ba a sarrafa da kyau ba ke lalata jijiyoyi. A zamanin Bello ba maɗaba'a, ba mujallar likitoci. Littafi ba ya rayuwa sai in wani ya ga amfaninsa ya zauna ya kwafe shi da hannu. In muka auna shi da wannan mudu, Bello ya ci jarrabawa. An fassara wani yanki na Infaƙul Maisuri aka buga a Landan a 1826, yana da ransa. Arnett ya fassara littafin zuwa Turanci a 1922. Murray Last ya dogara da rubuce-rubucensa a littafinsa na tarihin daular Sakkwato na 1967, Isma'il Abdalla kuma ya nazarci na magani a littafinsa na 1997. Kwafe-kwafen hannu suna nan a ajiye a Sakkwato da Kaduna da Ibadan.

Ya ku ɗalibai, ba ana nufin ku bar asibiti ku koma ga maganin da aka rubuta shekara ɗari biyu da suka wuce ba. Ilmin likita ya yi nisa tun daga lokacin, kuma mai ciwon ido likita ya kamata ya gani. Abin koyi shi ne halin mutumin: ya karanta abin da na gaba suka bari, ya lura da ciwon mutanensa, ya rubuta abin da ya sani. Har yanzu akwai tsofaffi a Wurno da Rabah da Goronyo da suka san sunan kowane ganye da amfaninsa, kuma akwai takardu a gidaje da gara ke ci. Ku da kuke karanta kimiyya, in kun je hutu ku ɗauki littafi da biro ku zauna da kakanninku. Allah ya sa a samu a cikinku wanda zai gwada abin da suka faɗa a ɗakin bincike, ya ware mai amfani daga mai cutarwa, ya kuma rubuta.